Baba Sanyi Mai Ɗakin Ƙurya

A kamfanin haɗa magunguna kowa Baba Sanyi yake ce masa, don hannunsa ba ya rabuwa da ƙanƙara. Ɗakinsa na can ƙarshen baranda, bayan sito, inda ko mai shara ba ta kai tsintsiyarta. Ba wulaƙanci ya kai shi can ba, aikin ne ya gaji haka.

Yana da inji mai fitar da iskar ozon, mai ƙaurin nan da ake ji bayan tsawa. Yakan tura iskar cikin ruwan sinadari da ke cikin kwalba, kwalbar tana nutse a ƙanƙara, ya koma bayan gilashi mai kauri yana jira ruwan ya yi shuɗi-shuɗi. Abin da ke haɗuwa a ciki ba ya son ɗumi, ba ya son bushewa. In aka yi sake, sai ya fashe. Shi ya sa ba ya barin ɗakin sai ya zuba masa abin da zai kwantar da shi.

Yana saurayi wata kwalba ta tashi a hannun abokin aikinsa. Abokin ya warke ya bar aikin, shi kuwa kunnensa na hagu ya tafi ke nan. A wurin shan shayi sai an gama dariya tasa take zuwa, har ya daina leƙawa.

Bayan rasuwar matarsa, 'yarsa da ke aure a nesa ita ke kiransa.

"Baba, da wa ka yi hira yau?"

"Da kwalba, uwata. Halinsu ɗaya da kakarki, ba a ɗaga mata murya."

Da kamfani ya sayo sabon inji rufaffe, wanda abin ba ya taruwa a cikinsa balle ya fashe, manaja ya zo da fara'a.

"Baba, ka huta! Dawo babban ɗaki cikin jama'a."

Aka ba shi tebur a tsakiya. Bakuna na motsi ta ko'ina, shi sai gyaɗa kai. Bai daɗe ba ya nemi ritaya.

Ranar tafiyarsa ya wanke kwalabensa tas, ya kife su, ya mayar da mabuɗi. A bakin ƙofa sabon maigadi ya tare shi cikin ladabi.

"Sannu, Baba. Wurin wa aka zo?"

Ya yi murmushi, ya ce ai ya riga ya gama, ya nufi tashar bas.