Cakin da Arlene Ta Kai Duluth

Shekara ashirin da wani abu muna aiki tare da Arlene Tollefson a ɗakin girkin makarantar firamaren garinmu. Ita ke kan manyan tukwane, ni ina zuba wa yara abinci. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, 'yar manoman alkama, kuma magana ba ta dame ta ba. Mijinta ya tafi aikin rijiyar mai can yamma tun ɗansu Travis yana rarrafe. Da farko yana aiko da katin gaisuwa duk Kirsimeti, daga baya katin ma ya ɗauke ƙafa. Ita kaɗai ta raini yaron a ɗan gidansu da ke bayan ma'ajiyar hatsi.

Duk garin an san Arlene ba ta sakin kwabo a banza. Ledar burodi sai ta wanke ta shanya. In muka fita cin abinci ranar albashi, ruwa take sha, ta ce kofin gidanta ya fi na shago daɗi. Nakan tsokane ta, in ce, "Arlene, wai da kuɗin nan za a binne ki?" Ita kuma ta ce, "A'a, da su za a biya masu haƙa kabarin, tunda na san ke ba za ki biya ba."

Travis ya girma ya tafi birnin Duluth, can nesa da garinmu, ya sami aiki a tashar jiragen ruwa, ya auri wata mai gyaran gashi, Jolene, suka haifi 'ya mace, Maddy. Tsakanin Arlene da surukarta babu faɗa, babu kuma shiri. Jolene akwai surutu da son ado. Arlene in ta je gidan sai ta ɗosana a bakin kujera, jaka a cinya, kamar mai jiran mota.

A watan Janairun bara motar Travis ta zame a kan ƙanƙara yana hanyar zuwa aiki, ta shige ƙarƙashin wata babbar mota. Muna yanka karas aka kira Arlene a waya. Ta saurara, ta ce "To," ta ajiye wayar, ta ƙarasa yanka wanda ke hannunta, sannan ta cire rigar girki ta ninke. Ban ga hawayenta ranar ba, ban gani ba kuma a coci ranar jana'izarsa. Mako ɗaya ta yi ta dawo aiki. Sai dai takan tsaya da ludayi a hannu tana kallon bango har sai an taɓa ta. Gishiri kuwa ko ta manta, ko ta sa sau biyu.

Da ƙanƙara ta fara narkewa sai kamfanin inshora ya neme ta. Ashe lokacin da Travis ya kama aiki, yana saurayi, sunan mahaifiyarsa ya rubuta a matsayin wadda za a ba kuɗin in ta Allah ta kasance. Ya yi aure, ya haihu, bai tuna ya canza ba. Dala dubu ɗari biyu suka faɗo cikin asusun da bai taɓa sanin komai ba sai albashin girki. Jolene ba ta kira ba. Wata ƙawarta ce ta rubuta a intanet cewa akwai iyayen miji marasa tsoron Allah, kuma a gari irin namu kafin yamma kowa ya karanta.

Na tambayi Arlene me za ta yi.

"Na yarinyar ne da uwarta," ta ce. "Ki raka ni banki ranar Laraba."

Ma'aikaciyar da muka samu a bankin, Kayleigh, mu muka ciyar da ita tun tana da giɓi. Ta zagayo ta rungume Arlene. Arlene ta tsaya ƙiƙam har ta gama, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Ai ba wuya, Misis Tollefson," in ji Kayleigh. "Turawar gaggawa za mu yi, kafin a tashi aiki sun isa. Dala talatin ne cajin."

"Can fa, in sun isa?"

"Wataƙila bankinta ya ɗan cire na karɓa."

"Daga cikin kuɗin?"

"E."

"A'a."

Kayleigh ta kalle ni, ta sake kallonta. Ta ce to akwai cakin banki, shi dala goma ne kawai. Arlene ta girgiza kai. Kayleigh ta ce ana iya turawa ta wayar hannu kyauta, amma akwai iyakar abin da ke fita a rana, sai an yi watanni ana abu ɗaya. Nan ma Arlene ta girgiza kai.

Na buɗe jakata na ce, "Don Allah Arlene, ga talatin ɗin, ni zan biya, mu tafi."

"Mayar da kuɗinki, Bev." Ko murya ba ta ɗaga ba. "Ba wanda zai ci ko sisi a kan wannan."

Har yau ban san ko tsumulmularta ce ta da, ko wani abu ne daban ba. Ban tambaya ba.

Daga ƙarshe Kayleigh ta rage murya ta ce, "To ki rubuta mata cakinki na gida, irin wanda kike biyan kuɗin wuta da shi. Babu caji ko ta ina. Sai dai saboda yawan kuɗin, bankinta zai riƙe shi mako ɗaya ko fiye kafin su sake."

"Ba komai," in ji Arlene. A nan tsaye ta rubuta shi. Zancen aikawa ta gidan waya kuwa ko sauraro ba ta yi ba.

Motarta ta tsufa da doguwar tafiya, don haka a tawa muka tafi, ranar Juma'a da sassafe. Ta yo mana burodi da ƙwai, da kofi a fulas. Gonaki baƙaƙe wuluk dama da hagu, ga guntayen ƙanƙara a gindin shinge. Sau biyu muka sha mai, ita ta biya, kuɗin ya ninka na bankin har ya wuce. A duk tafiyar sau ɗaya ta yi magana, wajen tsakar rana.

"Na ce wa Travis ya sa tayoyin hunturu, waɗanda ba sa zamewa a ƙanƙara. Ya ce sai albashi na gaba."

Ta ci gaba da kallon hanya.

Jolene ta buɗe mana ƙofa. Ta rame, gashinta a ɗaure da roba. Falon cike da kwalaye, don ta fara haɗa kaya, kuɗin gidan ya fi ƙarfinta ita kaɗai.

"Arlene. Ba ki ce za ki zo ba."

"Sa takalminki mu je bankinki kafin su rufe." Ta miƙa mata cakin.

Jolene ta karanta, ta nemi kwali ɗaya ta zauna a kai. Ta daɗe tana kallon cakin.

"Duka ne?"

"Duka."

"To me ya hana ki turo kawai? Kin sha wannan uwar hanya."

"Cirewa suke yi."

Jolene ta yi wata 'yar dariya busasshiya. "Shi ma haka yake. Sai ya zaga rabin gari don kada ya ciri kuɗi a na'urar wani banki a caje shi." Can ta ce, "Abin da ƙawata ta rubuta, ba ni na sa ta ba."

"Ban karanta ba. Ina takalmin?"

A bankin aka karɓi cakin, aka ce sai makon sama kuɗin za su fito. Da muka dawo wurin ajiye motoci, Arlene ta ɗauko 'yar jakarta daga kujerar baya. Sai lokacin na lura har da kayan sawa a ciki.

"Ki koma, Bev. Ki gaya wa shugabar makaranta sai na zo."

"Ba sai kin zauna ba," in ji Jolene. "Za su shiga."

"Na sani. Zan jira."

Abin da ya faru a kwanakin nan daga bakin Jolene na ji, da daɗewa bayan haka. A doguwar kujerar falo Arlene take kwana. Da safe ta raka Maddy bakin titi motar makaranta ta ɗauke ta, ta dawo ta dafa, ta wanke, ta goge abin da ta riga ta goge jiya. Bayan cin abinci su kunna talabijin su zauna, ba wadda za ta iya cewa me ake nunawa. Takalman aikin Travis suna nan a bakin ƙofa inda ya bar su, kowacce sai ta kewaye su ta wuce. Kullum bayan karin kumallo Arlene ta ce, "Sun shiga?" Jolene ta duba waya ta ce, "Tukuna." Iyakar hirarsu ke nan, sai ko zancen madara ta ƙare.

Ranar da suka shiga, Jolene ta miƙa mata wayar. Arlene ta sa tabarau ta bi lambobin da yatsa har ƙarshe. Ta ce "To," ta shiga haɗa kayanta. Jolene ta ce ta tsaya ko zuwa Lahadi ne. Arlene ta ce yaran makaranta na jira. A motar haya ta dawo, ni na ɗauko ta a tasha.

Jolene ba ta bar gidan ba, ta kwance kwalayenta. Da aka yi dogon hutu ta kawo Maddy ta yi mako biyu a wurin kakarta. Na bi ta wurin wata rana da la'asar, na tarar da Arlene zaune a kan matakala, yarinyar tana ta kai da komo a kan keke. Na zauna kusa da ita na tambaye ta ko ta ɗan ji sauƙi.

"Ban sani ba, Bev," ta ce. "Ina tashi, ina zuwa aiki."

Sai ta ƙwala wa Maddy kira, ta ce ta sauka daga tsakiyar titi.