Baƙuwar da ke Kwana a Leɓe

Shekarar da soja suka karɓi mulki ina da shekara takwas, muna zaune a wani ƙauye gabas da Korgom. Ruwa bai yi ba, gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, tuwonmu na jar dawar taimako ne. Amma da an yi sallar magariba sai mu kewaye murhun kakarmu, Inna Tabawa, muna tura kara cikin wuta, ita kuma tana sa mu dariya har mu manta tuwon bai ishe mu ba.

A cikin wannan fari aka haifi ƙanena Sani. Ni kuwa na tashi daga zazzaɓi ke nan. Gefen leɓena ya yini yana ƙaiƙayi da ɗan zafi, washegari ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito cunkus wuri ɗaya. Na ruga zan sumbaci jinjiri, Inna ta riƙe mini hannu.

"Ke da shi sai bakin nan ya bushe, Hadiza. Ga ludayinki daban, kar ki sha da na kowa."

Na yi kuka sosai, don gani nake an ƙi ni. Da yamma ta zaunar da ni kusa da ƙafarta, ta ce tatsuniyar yau tawa ce.

Wai Wuta tana da ƴar auta, Tartsatsi. Ran nan ruwa ya biyo ta zai kashe ta, ta roƙi rumbu ya ɓoye ta ya ƙi, ta roƙi zana ta ƙi. Sai wata yarinya mai dariya ta wuce, Tartsatsi ta faɗa gefen bakinta ta kwanta barci. Ba ta tashi sai rana ta yi ƙuna, ko zazzaɓi ya zo, ko gajiya ta yi yawa. Amma tana da ladabi, ba ta fitowa sai ta yi sallama da ƙaiƙayi. Yarinyar ta yi ta sosa, ta shafa toka, Tartsatsi ta ƙara fushi. Wata tsohuwa ta ce mata ta ƙyale baƙuwa ta yi kwanakinta, kawai kada ta kai ta inda ciyawa take sabuwa.

"Inna, wace ce sabuwar ciyawa?" na tambaya.

"Wanda anka haihwa shekaranjiya mana," in ji ta, tana kwaikwayon kukan Sani har muka kwanta da dariya.

Ƙurajen suka fashe, suka yi ɓawo. Kowace safiya Inna takan juya fuskata wajen haske ta duba. Ranar suna ina kallo daga nesa. Bayan kwana goma ɓawon ya faɗi, ta wanke mini hannu da toka da ruwa, ta ɗora mini Sani a cinya da kanta. Ya yi mini fitsari a zane, na ƙi yarda a karɓe shi.

Na girma, na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, ƙurajen suna dawo mini duk bazara. Wata rana na nuna wa wani lokotoro a asibiti. Ya ce ƙwayar cuta ce da ke kwance cikin jijiya, ba ta barin jiki, kuma tana iya yi wa jariri mummunar illa. Ya rubuta mini asikulobir, na sha da na shafawa, ya ce in fara tun ina jin ƙaiƙayin, kafin ƙurji ya fito. Maganin ba ya kashe ta, amma yana rage kwanaki da zafi. In ta kusanci ido ko ta ƙi warkewa, in dawo da sauri.

Na ba shi labarin Tartsatsi. Ya ajiye biro ya saurara har ƙarshe.

"Madam, tsohuwar nan a wace makaranta ta yi karatu?"

Na ce masa ba ta taɓa riƙe alli ba. Ƴaƴa tara ta raina da jikoki ashirin, tana kallon bakin kowa.

A hanyar gida na yi ta tunani. Inna tana iya daka mini tsawa ranar nan, da na bi umarni ina jin haushin jinjiri. Sai ta zauna ta ƙirƙiro mini labari, a shekarar da ita kanta take kwana da yunwa don mu ci.