Baturen Katako Mai Lofe

Jama'a, ni ba matsoraci ba ne, kuma ba na cikin masu ganin aljani a kowane lungu, amma abin da zan ba ku wallahi da idona na gan shi, da rana tsaka, a shagona da ke Sabo ta Ibadan, shekara goma sha wani abu ke nan.

Sana'ata sayar da kayan sassaƙa. Da dako na fara a Kasuwar Shasha, na koma yi wa wani dillali rakiya ƙauyukan Yarabawa, har Allah ya sa na tsaya da ƙafata. Turawa ne manyan masu saye, su kuma ba sa son sabo, sai wanda ya tsufa. To mu ma muna da dabararmu: a rataye gunki a madafa ya sha hayaƙi, a shafe shi da man kaɗanya, a binne shi gara ta ɗan lasa. Ba alfahari nake ba, haka ake yi.

A lokacin akwai wata Bajamushiya, dattijuwa, Madam muke ce mata, tana da shagon kayan Afirka a ƙasarsu, ta aiko cewa tana tafe za ta zaɓi dillali ɗaya tak wanda zai riƙa haɗa mata kaya duk shekara. Kai! Ranar ko tuwo ban iya ci ba don murna. Na san idan na samu wannan na haye, saboda haka na shiga neman abin da zai ɗauke mata hankali.

Ina cikin haka sai na tsinci wani mutum-mutumi a wajen masu gwanjon kwantena a Mokola, cikin tulin tsofaffin agoguna. Tsawonsa bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, Bature ne da hula da koren kwat, baki buɗe kamar rami, ga lofen shan taba a hannu. Aikin wuƙa ne tsantsa, har gashin bakinsa ɗaya-ɗaya aka fitar. Nan take dabara ta faɗo mini. Akwai gumakan Turawan mulki waɗanda Yarabawa suka sassaƙa tun da can, ana rububinsu sosai, sai na ce a raina wannan ma zan ce gunkin wani Di'o ne na zamanin can. Matsala ɗaya, a ƙarƙashin ƙafarsa akwai tambari da wasu haruffa. Ni na ɗauka rubutun Ingila ne.

Na hau okada na kai wa Baba Rasaki, masassaƙin da ke yi mini gyare-gyare, na ce ya yanke gindin. Ya juya shi, ya shinshina, ya miƙo mini.

"Alhaji, wannan icen ba na dajinmu ba ne. Kuma mai shi bai sake shi ba."

"Haba Baba, wane mai shi? Kuɗina na sa na saya!"

"Wanda ya sassaƙa nake nufi. Ni ba na yanke sunan ɗan'uwana. In kana da ƙarfin hali, ga zarto can."

Na yi dariya na ce tsufa ya fara taɓa shi. Na dawo gida na yanke da kaina. A ƙugunsa na ga wata tsaga ta zagaye shi, na ce fashewa ce, na cika ta da gam na liƙe tam. Sannan na rataye shi a madafar matata, inda take suyar awarar sayarwa.

"Baban Hafsa, wannan baƙon naka da ya buɗe baki, in ya ci awarata kai za ka biya," in ji ta.

Sati uku yana nan, ya yi baƙi ƙirin, ya yi kyau abinsa. Na sauke shi na ajiye a kan kantar shagona kwana goma kafin Madam ta iso.

Ta zo bayan azahar. Na shimfiɗa mata kaya, tana ta gyaɗa kai, ni kuwa zuciyata har rawa take. Daga ƙarshe na ɗauko gogan na dire a gabanta, na fara zuba: wai daga gidan wani basarake ya fito a bayan Oyo, kakansa ne ya sa aka sassaƙa Di'on garin. Ta gyara tabarau tana kallonsa.

Ban rufe baki ba, wallahi tallahi, sai hayaƙi ya fara fita daga bakinsa. Fari tas, siriri, yana tashi a hankali kamar mutum ya zauna yana zuƙar lofensa. Ba ƙaurin mai ba, ba na itacen girki ba, wani ƙamshi ne mai sanyi da ban taɓa ji ba, ni da na san turaren wuta kala-kala. Na ja da baya ina innalillahi har na ture kujera.

Madam kuwa sai hawaye. Ta ce, "Alhaji, wannan ƙamshin ɗakin kakata ne."

Ta ce a yankinsu na duwatsu, da ma'adinai suka ƙare, sai mahaƙa suka koma sassaƙa, uba ya koya wa ɗa, kowane gida da tambarinsa. Irin wannan cikinsa rami ne, ana buɗe shi ta ƙugu a sa turare a kunna lokacin sanyi, hayaƙin ya fito ta baki. Ashe kayan garinsu na ɗauko zan sayar mata a matsayin na Oyo!

Sai hankalina ya ɗan kwanta, na ce to turare ne a ciki. Ta karɓi wuƙata ta kankare gam ɗin da na sa da hannuna, ta buɗe. Jama'a, babu komai. Ba turare, ba toka, ba garwashi. Na sa yatsa, ɗan ƙarfen da ake ɗora turaren a kai sanyi ƙalau. Ta kifa shi ta ga wurin zarto.

"Ina sunan wanda ya sassaƙa shi?"

Ban yi mata ƙarya ta biyu ba, na faɗa mata duk abin da na yi. Ta naɗe shi a gyalenta, na ce ta tafi da shi kyauta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Kayanka sun fi na kowa kyau a garin nan. Amma yanzu wanne zan yarda da shi?" Kwangilar kuwa, wani dillali ta ba a Mokola.

Na tambayi malamai, na tambayi masu boko, kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce hayaƙin madafa ne ya maƙale, na ce kwana goma? Kuma da ƙamshin ƙasar da ban taɓa takawa ba?

Shawarata gare ku, musamman 'yan'uwana dillalai: duk abin da hannun mutum ya yi ya sa sunansa, ku bar masa sunansa, ko ba ku iya karantawa ba. Ni dai har yau in Bature ya shigo na buɗe baki zan ƙara wa kaya shekaru, sai na fara waiwayawa na dubi bakunan gumakan da ke kan kanta.