'Yar Aikin da Ba Ta Cikin Littafi

Har yau idan kofunan shayi suka yi ƙara a kan faranti, sai in ji zuciyata ta tashi. Bari ka ji dalili.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya muna zaune a Guangzhou, mahaifina yana saro wandunan jins a kasuwar Xintang da ke gefen garin yana aikawa Kano. Lokacin mu 'yan Kano ba mu da yawa a garin, ranar Juma'a a Masallacin Huaisheng kowa ya san kowa. A wata damina mai gumi, wadda har bangon ɗaki jiƙewa yake yi, kakana ya zo a duba masa ido. Tsohon malamin makaranta ne.

Makarantarmu ta 'ya'yan baƙi 'yan ƙasashen waje ce, da Turanci ake koyarwa. Malamarmu ta ce za mu yi wani tsohon wasan barkwanci na Ingila, na masu kuɗi da ke shan shayi suna gaya wa juna baƙar magana cikin ladabi. Da na kawo littafin gida, kaka ya kara shi dab da idonsa, sai ya fashe da dariya har da tari. Ashe ya taɓa yin wasan a kwalejin horon malamai. Shi ne ma ya fito a matsayin wata tsohuwa masifaffiya, don babu mata a kwalejin.

"Amaryata, zo in koya miki," ya ce. "Wannan tsohuwa sak kakarki."

Sati uku muna yi. Yana zaune a kan darduma, fanka na kaɗawa, yana ɗaga hanci yana maƙe murya, ina kwaikwayonsa. Mahaifiyata ba ta jin Turanci, amma daga kicin muke jiyo dariyarta. Na haddace maganganun tsohuwar tsaf.

Amma malama ta ba wata yarinya matsayin tsohuwar. Ni kuma ta ce ta ƙirƙiro mini nawa na musamman: 'yar aiki. Ta ɗaura mini tsumma a ka, ta sa na cire takalmi, ta koya mini zare ido da gurɓataccen Turanci irin na yi wa baƙar fata ba'a, ni da na fi kowa maki a ajin. Kunya ta hana ni faɗa a gida.

Ranar wasa kaka ya sa babbar riga, ya zauna a sahun gaba. Na fito da faranti, kofunan shayi na ƙara a kai, na faɗi abin da aka koya mini. Zauren ya ɓarke da dariya. Wani ƙato har buga cinya yake yi, bakinsa cike da biskit yana fesowa. Na ji kamar an watsa mini ruwan kwata. Na hango kaka, ko motsi bai yi ba.

Da aka tashi, malama ta zo tana washe baki, ta miƙa masa hannu. Bai karɓa ba. Cikin nutsuwa ya ce mata da Turanci, "Na san wasan nan tun ba a haife ki ba. Babu wannan 'yar aiki a ciki. Wanda ya rubuta shi bai buƙaci jikata ba kafin ya ba mutane dariya."

Bai yi mini faɗa ba. A ƙofar gida ya karɓi tsumman da yatsu biyu, ya jefa a kwandon shara, ya wanke hannu. Bai sake buɗe littafin ba har ya koma Kano, Allah ya jiƙansa.

Bara 'yata ta ja ni kallon wasan a jami'arsu. Na je fuska a ɗaure, na dawo cikina yana ciwo don dariya. Wasan bai tsufa ba, kuma bai taɓa yi mini laifi ba. Yanzu da wuya a yi wa yarinya abin da aka yi mini ba a ji ta bakin iyayenta ba. Amma manyan mutanen nan da suka cika zaure a ranar, iyaye ne su ma, kowa da ɗansa a gefe. Sun kalle ni, sun tafa, sun tafi gida sun ci abinci.