Farantan Hajiya Zuhra

Duk wanda ya tashi a gindin Dala ya san labarin ɗakin Hajiya Zuhra. Jikar fataken Turabulus ce, doguwa, mafaɗaciya, kuma ba ta da wata cuta sai ta tangaran. Tun mijinta na raye take tara farantai masu zanen hannu, wasu daga kanti, wasu daga akwatunan alhazai. Ta jera su a bango har kusa da rufi. Fure shuɗi, ganye kore, baki mai ruwan zinariya, babu biyu da suka zo ɗaya, don in ka matsa za ka ga inda hannun mai zanen ya ɗan karkace. Kallon kuwa shi ne iyakarka. Ba a taɓa cin ko loma a cikinsu ba, kuma ɗanta ɗaya tilo, Nasir, ya sha ranƙwashi a kansu har ya yi gemu.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, Nasir ya shiga soja. Wasiƙa biyu ya aiko, daga nan shiru.

Wata Juma'a aminiyarta 'Yardada ta shigo, ta tarar ta sauke farantin nan mai hoton dawisu tana jera alkubus a ciki.

"Hajiya, lafiyarki kuwa?"

"Rabon Nasir ne. Kai shi gidan Gwadabe a Madabo. Ki ce kar su dawo min da farantin sai ranar da ɗana ya dawo. Su ajiye inda ido zai riƙa gani, wanda ya kalla ya yi masa addu'a."

Haka ta riƙa yi duk Juma'a. Matar da ba ta yarda ƙuda ya sauka a kan kayanta ba, ita ce ke raba su gidajen da yara ke tsalle-tsalle. Bangon ya yi ta yashewa, sai da'irorin farar ƙasa inda farantan suka zauna. Tana kallonsu, amma ba ta fasa ba.

Da aka fara raɗe-raɗin Nasir ya rasu, wata maƙwabciya, Luba, ta dawo da farantin da aka kai mata a wanke, don tausayi. Hajiya ta tare ta a bakin ƙofa.

"Wa ya ce miki ya dawo? Koma da shi!"

Yaƙi ya ƙare, wata uku ya wuce, sannan wata safiya Nasir ya yi sallama, a rame, yana dogara sanda. Kafin la'asar lungun ya cika da mata daga Madabo, Yakasai, har da unguwannin da Hajiya ta manta ta aika, kowacce riƙe da faranti rufe da faifai, don a Kano ba a mayar da kwano wayam. Wallahi ba a taɓa ganin irin wannan jere ba. Kusan shekara uku a hannun mutane, ko ɗaya bai fashe ba. Hajiya sai hawaye.

Ta ɗauko mai dawisun, ta dire gaban ɗanta. Nasir, wanda ya kwana cikin ruwan harsashi, ya janye hannu da sauri ya dafe kansa.

"Inna, a wannan?"

"Ci," in ji ta. "Ashe kai nake tara wa."