A Bayana Take

Mai Keke ake ce mata, don shekara da shekaru ƙarar keken ɗinkinta ke tayar da maƙwabta. Lokacin da ta tare a unguwar, fili ne fetal, duk inda ka sa ƙafa hanya ce. Da Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta yi aure, sai mijin ya kama haya a gidan da ke bayan nasu. Mai Keke har da rawa. Kowa ya tambaye ta sai ta ce, "Ai a bayana take."

To, gari ya yi ta kumbura. Masu filaye suka yanka, kowa ya ja katangarsa son ransa, aka toshe ɗan lungun da take bi. Layinta ba ya ɓullewa, na Auta ma haka. Kafin ka je sai ka fita babban titi, ka sha cunkoso, ka zagayo ta gidan mai. Ga gwiwa ta ƙi. Hira ta koma ta kan katanga, kamar masu sayar da kayan sata.

Tun da cikin Auta ya tsufa Mai Keke ke cikin fargaba. Ta ɗinka hannun riga a wuya har sau biyu.

Ranar da abin ya zo, da rana tsaka ne, mijin yana wajen aiki. Ta jiyo "Umma!" wata iri, ta san ba kiran hira ba ne. Nan take ta kira mai tasi, ta kwatanta masa gidanta. Nata fa! Bakin ya saba, ai a bayanta take.

Mai tasi ya iso, ta nuna masa inda Auta take, ya dubi katanga, ya dube ta. "Baba, mota ba ta tashi sama. Shigo mu zagaya."

Ta sa ƙafa ɗaya a mota, sai muryar ta sake tsallakowa: "Umma, kar ki tafi, tsoro nake ji."

Ta sauke ƙafar. "Jeka kai kaɗai, gida mai baƙar ƙofa. Don Allah ka yi sauri."

Ya fita da baya-baya, don babu wurin juyawa. Ta koma ta manna kunci da bulo mai zafi.

"Ina nan, Auta. Ja numfashi."

"Ba na ganinki, Umma."

"Ni ma haka. Yi ta magana dai, kar ki yi shiru."