Ɗumamen da Na Binne a Bayan Rumbu

Wata safiyar Litinin ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji uku a firamaren garinmu Utai, na zubar da ɗumame a bayan rumbu. An kwana ana ruwa, tsakar gida ta yi caɓal, itace ya jiƙe, hayaƙi ya turnuƙe madafi. Ɗumamen nan kuwa bai ɗumamu ba, waje zafi ciki sanyi, ga ɗan tsami da ya fara yi. Na kai loma biyu na kasa ƙara ta uku. Sai na dubi hagu na dubi dama, na ga kowa yana sabgarsa, na sulale bayan rumbu na kife kwanon, na sa ƙafa na tura ƙasa na rufe. Na rataya jakata na tafi makaranta ina jin duk garin babu mai wayona. Na manta a gidanmu akwai 'yan tonon asiri, wato kaji. Ko tara ba a tashi a makaranta ba suka tone abin da na binne.

Da na dawo na tarar da Iya zaune a ƙofar ɗakinta. Iya kakata ce ta wajen uba, sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. A gabanta akwai faifai, a kan faifan ga guntayen tuwona, ta wanke su tas ta jera tana jiran rana ta leƙo.

"Takwara, zo ki gaida tuwonki," in ji ta. "Tun safe yake kuka a bayan rumbu. Ranar lahira zai tsaya ya nuna ki, ya ce ga wadda ta binne ni da raina."

Ko ɗaga murya ba ta yi ba, balle duka, kuma da dukana ta yi da tuni na manta. Kwana uku tuwon yana shan rana ana shigar da shi in hadari ya taso. Da ya bushe ta daka shi, ta jiƙa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da yaji da ɗan man gyaɗa, ta zaunar da ni muka ci tare. Ina ci ina kuka, abin da ya fi ba ni haushi kuma shi ne kwaɗon ya yi daɗi.

Yau na haura hamsin, na koyar da yara a Wudil har na gaji na ajiye alli, amma waccan safiyar tana nema ta raba ni da idanuna. Ciwon suga gare ni. Bara na fara ganin hazo-hazo, baƙaƙen Alƙur'ani suna shiga cikin juna, zare ya daina shiga allura. Likita ya duba ni ya dunƙule hannunsa ya nuna mini, ya ce tuwo kada ya wuce haka, shinkafa ma haka, in ba so nake a riƙa jana da sanda ba. Na ce to. Rage cin bai gagare ni ba, wanda ya saba azumi ai ba ya tsoron ƙaramin kwano. Abin da ya gagare ni shi ne in ga ragowar abinci in kai ta bola. Hannuna ba ya zuwa, sai dai ya juyo da ita bakina.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce kwaɗayi ne. Ni kuwa na san inda hatsi yake fitowa, don ni ake zirawa cikin rumbu in miƙo dami, tun da ni ce mara nauyi. Bayan girbi daga baki nake tsayawa in jawo. Watanni na tafiya ina ƙara nutsewa, har damina ta yi tsakiya in ji ƙafata ta taɓa ƙasan rumbun, muryata tana amsa kuwwa. In na fito Iya ba ta tambayata saura nawa, fuskata kawai take kallo. Daga nan tafasa da rama da zogale suke karɓar gida, a yi dambu ganye ya fi tsaki yawa, a ce wai don auki. Kafin loma ɗaya ta kai baki an yi sussuka, an sheƙe, an surfa, an bakace, an wanke, an kai niƙa, an tankaɗe. Duk hannun 'ya mace a gidan da kantar taɓarya. Bayan an kwashe amfanin gona kuma a kore mu kala, mu bi kunya-kunya muna tsintar zangarniyar da ta faɗi, ƙaya tana sukarmu. Na sha ganin Iya, da ƙugunta mai ciwo, ta sunkuya saboda ƙwayar dawa guda ɗaya da ta gani a bakin turmi.

Abinci a gidanmu ba ya mutuwa, sai dai ya sauya suna. Tuwon dare in ya kwana ɗumame ne. In ɗumame ya rage a jefa shi a ruwa, da rana a dama a sha. Na gindin tukunya a kankare a shanya a kan rufin ɗaki ya zama ƙanzo, a tara a buhu don ranar da ba a ɗora tukunya ba. Dusa ta awaki ce, ƙasari na tumaki, abin da ya zube ƙasa kuma kaji ba sa barinsa ya kwana. Iya takan ce, "Kwano yana yi wa mai suɗe shi addu'a." Mu kuwa da son banza, ga addu'a kyauta, sai mu dinga gasar suɗi da yatsa har kwanon samira ya riƙa ƙyalli, mai wanke-wanke ta rasa abin wankewa. Ko tuwon ƙasa muke yi a bayan gida, da gwangwani da miyar ganyen darbejiya, ba ma watsar da shi in an tashi wasa, sai mun rufe da ɓallin ƙwarya mun ce na ɗumame ne.

A makaranta in an tashi tara, wanda ya zo da kuɗi ya sayi ɗanwake ko rogo da ƙuli, sauranmu mu kewaye shi da "sam mini, sam mini." Ban taɓa ganin an bar ko yaji a ganyen da aka ƙunso rogo ba. Ranar Juma'a babanmu yakan je kasuwar Wudil, in ciniki ya yi kyau ya tsaya bakin gada ya sayo soyayyen kifi. Tun la'asar muke zaman jiransa a gindin darbejiya muna 'yar carafke, ido yana hanya. Kifi biyu sai ya zagaye gidan nan kaf, kan da ƙayar kuma Iya ta dake su cikin miyar gobe.

Da wannan tarbiyyar aka kawo ni Wudil, gidan siminti mai get da firji. Shekara da shekaru ban ga aibunta ba, don da bakunan ci. Yara huɗu muka haifa, uku sun tashi kowa ya kama gabansa, shekara biyu da suka wuce kuma Allah ya yi wa Malam mai gidana rasuwa. Saura ni da autata Walida, wadda take karatu a jami'ar garin nan, ita kuwa cinta kamar na tsuntsu. Sai in zuba ɗan dunƙulen da likita ya ce, in ci, in yi hamdala, in ji ni mutuniyar kirki ce. Da na shiga wanke-wanke sai in ga rabin tukunya tana kallona. In ce bari in ɗan rage ta don ta shiga roba. Cokali ɗaya, cokali biyu, a tsaye, ba daɗi nake ji ba, ba yunwa nake ji ba. Kafin in farga na kankare har ƙanzon. Sabo turken wawa, ni ce wawan.

Ba dabarar da ban yi ba. Na sayo kaji biyu, cikin wata guda suka yi ƙiba har suna rangaji, in watsa musu tuwo su kalle shi su wuce. Na ce bari in riƙa aika wa maƙwabciyata, na manta kwano ba ya komawa gidansu wayam. In aika mata ragowar shinkafa da wake, ta dawo mini da kwanon cike da dambu har da naman kaza a kai. Na koma shanya a kan tankin ruwa, na tara ƙanzo buhu guda, Walida ta ce ita haƙoranta ba na aro ba ne. Gaba kura baya sayaki.

Rigimar ta fashe ne wani lokaci da aka ɗauke wuta kwana biyu. Na buɗe firji da rana na ga shinkafa ta fara yauƙi, na ce in an soya ta da albasa ai za ta ciwu. Walida ta fizge robar daga hannuna ta nufi bola. Na bi ta ina faɗa, ina ce mata almubazzara, wadda ba ta san zafin nema ba. Ta juye shinkafar ta waiwayo, sai na ga hawaye a fuskarta.

"Umma, ko shinkafar nan ko idonki, ɗaya za mu zubar," ta ce. "Abba ya tafi. Ke ma so kike ki bar ni da robobi?"

Na ji tausayinta, na ji kunyar kaina, amma wallahi ko a lokacin wani sashe na zuciyata yana can cikin bolar.

Ranar Asabar na ɗora buhun ƙanzon a mota na tafi Utai wajen Goggo Hansai, ƙanwar babanmu, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Iya. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi jiki da ido. Da ta kwance buhun ta yi dariya har tana tari, ta ce ko yaƙi nake shiri. Na kwashe labarin duka na gaya mata, na ƙare da cewa Iya ce ta ja mini.

"Kul, kada ki ɗora wa uwata," in ji ta. "Ke suɗin kwano kika gani, ba ki ga awo ba, lokacin kina makaranta. Iya ba ta taɓa auna hatsi da ka ba. Da ɗan ƙoƙonta take ɗiba, kowane ƙoƙo sai ta kira mai shi, na wane, na wance. Wanda ya yi tafiya ba a ɗibar masa. Ragowar da kike gani ai ta ɗumamenku ce, da gangan take saka ta."

Ta gyara zama, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce da kakanmu ya rasu, washegarin sadakar bakwai baƙi sun watse, Iya ta zauna awo kamar kullum. Ta cika ƙoƙon farko ta ce "na Malam," sai ta tsaya da shi a hannu. Sannan ta mayar da hatsin cikin buhu, ta share ido da bakin zane ta ci gaba da kiran sauran.

"To ke, 'yar nan, ku nawa ne yanzu a gidan?"

Na ce mu biyu.

"Gwangwani nawa kike aunawa?"

Na so in ce ko baƙo zai faɗo, amma na san ba shi ne dalili ba. Shida nake aunawa. Tun yara suna gida shida ne, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi hannuna ba.

Washegari da hantsi na jawo buhun shinkafa na auna shidan nan a roba kamar yadda na saba. Sannan na fara mayarwa. Na babban, wanda ba na faɗin sunansa, yana can Kaduna. Na Sadiya, tana ɗakinta a Gaya. Na Mustafa. Waɗannan ba su yi wuya ba, ai suna waya, suna zuwa da Sallah. Gwangwani na huɗu, na Malam, shi ne ya yi mini nauyi. Na zauna a kan kujerar tsugunno riƙe da shi har Walida ta leƙo ta ce lafiya, na ce lafiya lau, na juye shi cikin buhu. Ran nan da 'yar tukunyar da nake dafa wa yara ƙwai na yi girki, nan da nan ta nuna. Muka ci, muka tashi, babu abin sakawa a firji.

Sugan ya fara sauka, likita ya ce in na dage hazon ba zai ƙaru ba. Har yanzu in na je biki na ga an ture shinkafa rabi an tashi sai na kawar da kai, wannan kam da shi zan mutu. A gidan Iya mutane sun fi tuwo yawa, ana tashi da sauran yunwa amma tsakar gida cike take da hayaniya. Ni yanzu ga buhu a jingine, ga gas ba hayaƙi, wanke-wanken duka kwano biyu ne da cokali biyu, kafin ruwa ya jiƙa mini hannu na gama. Wani lokaci nakan tsaya a bakin famfo ina neman abin da zan ƙara wankewa. Ashe duk wannan lokaci rabon waɗanda suka tafi nake ci.